Auta Ya Dawo Daga Horo

Zuwa ga ƙanena mai horon dawaki,

Sallama, tare da fatan kana lafiya, kai da maman yara da yaran, da gwiwar nan taka da ba ka gajiya da ba da labarinta. Mu nan lafiya lau, in ban da mutum ɗaya da ke kwance da ɗaurarriyar kafaɗa, wanda saboda shi na ɗauki biro.

Auta ya iso. Ya yi ƙiba, jikinsa na sheƙi, har na ji na yafe maka watannin da ka ƙara a kan alkawari. Direba ya isar mini da saƙonka cewa ko tsohuwa za ta iya hawansa. Ban sani ba ko da ni kake, amma na ajiye wannan sai wani lokaci.

Washegari ƙanin marigayi mijina ya ɗauko mahayi, dattijo mai furfura wanda a kan sirdi ya girma. Mutumin ya nufo dokin a hankali yana yi masa magana, sai Auta ya buɗe hanci, ya juya jikinsa kamar ƙyauren da iska ta tura. Mahayi ya sake zagayowa, doki ya sake juyawa. Haka suka yi ta kewaya tsakar barga har ni mai kallo jiri ya ɗebe ni. Da aka riƙe shi da ƙarfi, dattijo ya sa ƙafa a likkafa, amma bai kai ga zama ba ya tsinci kansa cikin kwamin ruwa.

Kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito. Saboda wannan kaɗai na tsallake masu horo na kusa na aika maka shi can ƙarshen duniya, inda waya ba ta kamawa, wasiƙa ma sai motar madara ta ga dama. Ka san shi ne ɗan ƙarshe na goɗiyar marigayi, kuma shi ne dabba ta ƙarshe da hannunsa ya shafa kafin ya kwanta ciwo. Ka kuma san bargar nan ta gado ce tsakanina da ƙaninsa, wanda nake kira Mai Agogo don ba ya iya gaishe ka bai leƙa tsintsiyar hannunsa ba. Ya ce wurin koyar da hawa muke da shi, ba gidan ajiye kayan tarihi ba. In ƙarshen watan gobe ya yi ba a hau Auta ba, zai kira dillalin da ke kai irinsu wurin masu keken doki.

To ka faɗa mini, me ka koya masa? Na koyar da yara shekara da shekaru, na ga dakikai iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya shiga makaranta da hankalinsa ya fito ba shi ba. Ko dai wani dokin ka ɗora wa direba?

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya Malama,

Gaisuwa mai yawa da ban girma. Ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Maman yara tana gaishe ki, ta ce har yanzu tana amfani da tukunyar da kika ba ta. Yara duk lafiya. Gwiwa kuma da sauƙi, sai dai in an yi sanyi takan ƙage kamar itace, amma tun da tirakta ta danne ta haka take, mun saba da juna. A yi wa dattijon sannu, Allah Ya sa kaffara ne.

Yaya, na karanta wasiƙarki sau da yawa, na ba maman yara ita ma ta karanta mini da ƙarfi ko zan gane. Ban gane ba. Dokin da kike ba da labari ban san shi ba.

Da Auta ya zo, ban taɓa shi ba sai da ya gaji da kallona ya zo da kansa ya shinshina hulata. Daga nan na fara shafa shi da hannu, wuya, kafaɗa, baya, sannan da tsohon buhu, har ya zama ina kaɗa buhun a kansa yana cin ciyawarsa. Na sa masa ragama, na koya masa binta. Na koya masa ba da kofato. Na ɗora masa bargo kwanaki, sannan sirdi ba ɗauri, sannan na ɗaura majayi sako-sako, kullum ina ƙara matsewa kaɗan. Linzami da zuma na shafe shi ranar farko. Kafin in zauna a kansa na daɗe ina kwantar da cikina a bayansa kamar buhun dusa. Ranar da na zauna ko kunne bai motsa ba. Na shiga cikin shanu da shi, na tsallake rafi, na wuce tirakta tana ruri. Ban taɓa ɗaga masa bulala ba.

Maganar tsohuwa ba da ke nake ba, wallahi.

Ko haƙori ne ke damunsa? A irin shekarunsa sukan yi. A sa likita ya duba baki da baya. Ki kuma yi amfani da tsohon sirdina da na haɗo ku da shi, shi ya sani. Maganar ko wani dokin na aiko kuwa ta tsaya mini a rai, zan bincika.

Ƙaninki.

*

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa. Wasiƙarka ta yi tafiyar da ko da ƙafa aka kawo ta da ta riga haka isowa, kuma tana warin madara. Muna lafiya. Dattijo ya tashi, ya ce a gaya maka ya gode, kuma ba zai sake ba.

Likita ya zo. Ya leƙa baki, ya danna baya, ya ɗaga wutsiya, ya ce lafiyar dokin nan ta fi tasa. Na sauke littattafan marigayi gaba ɗaya daga kan kabad, na karanta su har da waɗanda kyankyasai suka riga ni farawa. Duk bakinsu ɗaya: ka tsaya wajen kafaɗarsa ta hagu, ka yi magana a hankali, kada ka nuna tsoro. Na tsaya, na yi magana a hankalin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ya kalle ni da farin ido ya juya. A ɗakinsa kuwa manne jikinsa yake da bango kamar wanda aka liƙa. In na tura shi ya matsa in shiga, sai ya ƙara dannewa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba mugu ba ne. Ba ya cizo, ba ya harbi. In na tsaya gabansa da dusa, kansa yake ɗora mini a ƙirji. Da na ɗauko sirdi na zagayo, sai rawa ta tashi. Wani littafi ya ce tsoro ne, wani ya ce raini ne, wani ya ce mai shi ne ba shi da natsuwa. Wannan na ƙarshen na mayar da shi ƙasan kabad.

Sirdinka kuma. Wane gwani ne ya ɗinka maka majayi a baibai? Maɗaurin yana can ɗaya gefen, sai mutum ya zagaya ko ya rarrafa ƙarƙashin ciki. Na kai wa baduku ya farke ya mayar da shi inda kowane mai hankali ke sa shi. Ba sai ka gode ba. Da muka ɗaura masa shi a gyare, bai yi juyi ba, miƙewa ya yi da ƙafa biyu.

Mai Agogo ya fara kawo mutane suna auna ɗakin da ido. Jiya na ji shi yana gaya wa wani cewa mace in ta rasa miji takan riƙe ko da tsohon takalminsa ne. Na ce masa haka ne, shi ya sa har yanzu muke zaune da shi. Bai yi dariya ba, kuma na san na rage wa Auta kwanaki da bakina.

Ka ce za ka bincika. Me za ka bincika? Gatse na yi maka. Na san tabon da ke ƙafarsa, ina tsaye wayar shinge ta yanke shi. Ka yi tunani, ƙanena, akwai abin da kake yi wanda ba ka faɗa mini ba.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya Malama,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai ɗan tari da ya zaga yara ya wuce. Gwiwa ta ɗan kumbura saboda yawon da na sha a makon nan, zan gaya miki dalili. Wasiƙarki ta zo a jiƙe, motar ta kafe a rafi. Shafin farko na karanta shi, na ƙarshen ya zama shuɗi gaba ɗaya, sai kalmar "tabo" da "ƙanena" na iya tsinta.

Na bincika kamar yadda na yi alkawari. Yaya, ina da wani mai farin goshi kamar Auta, sa'ansa ne, tare na hore su. Ranar da direba ya zo gari bai gama wayewa ba, kuma ni na kama dokin da hannuna. A da na tabbata Auta na kama. Amma tun da kika faɗa, sai na je na tsaya gaban wanda ya rage ina kallonsa. Na kira shi Auta, ya ɗago kai. Na kira shi da nasa sunan, ya ɗago kai. Na duba ƙafa saboda kalmar da na tsinta, na ga shi ma yana da tabo. Maman yara ta ce in daina, ta ce kowane doki a gonar nan yana da tabo, har da ni. Yanzu ban san abin da na sani ba.

Maganar majayi ban fahimta ba. A daidai na aiko shi, yadda nake ɗaurawa kullum. Ko a hanya ya juye?

In ban ji daga gare ki ba kafin mota ta sake zagayowa, zan san abin yi. Kada ki bari a kai shi keke.

Ƙaninki.

*

Zuwa ga ƙanena,

Gaisuwa. Yau zan fara da tambayar gwiwarka, kuma ka zauna kafin ka ci gaba da karatu, don da ita nake da magana.

Ranar da dillali zai zo, na shiga wurin Auta da safe da buroshi. Na ce ko ba komai ba zai tafi da datti a jiki ba. Yana nan manne da bango yadda ya saba. Kullum sai na yi kokawar ture shi don in shiga ta hagu kamar yadda littafi ya ce, amma ranar ba ni da ƙarfin faɗa da kowa. Na tsaya ta gefen da ya bar mini a buɗe na fara goge shi. Sai na ji ya sauke wata irin ajiyar zuciya, ya sunkuyar da kai. Na gangara da buroshi zuwa ƙafa, kafin in taɓa ya ɗaga mini kofato ya riƙe, kamar yaron da ya daɗe da ɗaga hannu a aji malama tana kallon wani wuri.

Na bi ta ƙarƙashin wuyansa na leƙa hagu. Jiki ya sandare, ido ya yi fari. Na dawo dama, ya narke. Na koma, na dawo, na koma, na dawo. Da wani ya leƙo da ya ce tsohuwar ta zare. Ina cikin haka na tuna da majayin da na kai wa baduku. Daga majayi na tuna da gwiwar da kake cika mini kan kowace wasiƙa da ita, ta hagu, wadda ba ta lanƙwasuwa, wadda ba za ta iya shiga likkafa ta ɗaga ƙato kamarka ba.

Ta dama kake hawa! Ta dama kake shafawa, ta dama kake ja, ta dama ka kwantar da cikinka kamar buhun dusa. Kai kaɗai ne a gonar nan, dawakin da kake horarwa kai kake hawansu, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce maka duniya ta hagu take hawa. Littattafan ma sun faɗa, a wani shafi da na wuce da sauri, cewa abin da doki ya koya da ido ɗaya ɗayan idon bai san da shi ba. Duk juyin nan da yake yi ba rawa ba ce, ba raini ba ne. Gefen da ya iya yake miƙo mana, mu kuma muna zagayewa muna kai masa hari ta gefen da ba a taɓa ɗora masa ko hankici ba.

Sirdinka na riga na lalata shi da gyara, sai na ɗauko na marigayi mai maɗauri ta kowane gefe. Na ɗaura ta dama, Auta ya tsaya kamar gini har na gama. Na kife bokiti na taka. Rabona da hawa tun ina da ƙugu, kuma jikina bai san yadda ake fara sa ƙafar dama ba, sai da na tsaya ina lissafi kamar mai koyon sa takalmi. Ya jira ni. Wallahi ya jira ni, har ya waigo ya ga ko lafiya.

Haka na fito tsakar barga a kansa, ɗankwali ya karkace. Mai Agogo yana tsaye da dillali, da dattijon da hannunsa ke rataye a wuya. Na zagaya su a hankali, na tsayar da shi da ɗan yatsa, na ja shi baya, na sake zagayawa. Dillali ya tambaya ina mahaukacin dokin da aka kira shi ya gani, ya ce shi yana da wurin zuwa. Dattijo ya kewaya ta dama ya shafa wuyan Auta da hannunsa mai lafiya, ya yi ta girgiza kai yana dariya har kafaɗar ta tuna masa.

Mai Agogo ko sau ɗaya bai duba hannunsa ba. Can ya ce ɗalibanmu ta hagu ake koya musu, dokin da ke da gefe ɗaya rabin doki ne.

Na ce, "To rabin da ake hawa ka bar mini, ɗayan rabin ka sayar in dillali zai saya."

Ya sallami dillali. Ya ce ɗakin nawa ne har in cika ɗayan rabin, amma kada in sa ɗalibi ko ɗaya a kansa kafin nan. A karo na farko tun rasuwar yayansa na ce masa ya yi gaskiya. Da na sauka na zauna a kan bokitin nan, kuma ba ruwanka da abin da na yi a zaune.

Yanzu ka aiko mini da yadda ake farawa, daga ranar farko, kada ka tsallake komai. Kuma kada ka bincika komai. Kada ka san abin yi. Auta ne.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya Malama,

Gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, na kasa kallonta.

Da na gama karatu na je wurin tsohon dokina, wanda ya ɗauke ni tun kafin a haifi babbar 'yata. Na zagaya ta hagunsa na ɗora masa hannu. Ya yi tsalle gefe ya kalle ni kamar ɓarawo. Na gwada sauran, duk haka. Maman yara ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce ita ta ɗauka haka ake yi, tunda ba ta taɓa ganin wani yana hawa ba sai ni.

Ki fara da tsayawa ta hagun ba ki taɓa shi ba, har ya gaji ya ci gaba da cin ciyawa. Sai hannu, sai buhu, sai bargo. Kada ki ce ai ya sani. Ki ɗauka wani doki ne aka haifa jiya.

Sai dai akwai magana. Wasiƙarki ta zo ne a motar da ta dawo. Wadda ta tafi ta riga ta tafi da mai farin goshin. Ki yi haƙuri.

Ƙaninki.

*

Zuwa ga ƙanena,

Sallama. Ya jikin yara, ya maman yara? Ka ce mata na gode da dariyar, ta yi mini ita a madadina.

Baƙonka ya riga wasiƙarka isowa. Mai Agogo ne ya tarbi motar. Ya tsaya yana kallon farin goshi a mota, farin goshi a ɗaki, ya tambaye ni a hankali ko haka za su yi ta zuwa duk wata. Sannan ya nufi dokin ta hagu don ya sauke shi. Na buɗe baki in hana shi, Allah Ya gani na buɗe. Kwamin ruwan bai fashe ba, agogon ne ya tsaya.

Gobe zan mayar maka da abinka. Ba ya ko kama da Auta, ka je a duba maka ido.

Yau da hantsi Auta ya bar ni na ɗora masa buhu a kafaɗar hagu. Fatar wurin ta yi ta rawa, ya riƙe numfashi, ya waigo yana neman ni ta dama bai same ni ba. Na tsaya inda nake ina yi masa hirar marigayi, har ya sunkuya ya ci gaba da cin ciyawarsa. Da sauran tafiya, amma ba wanda ke auna ɗakinsa yanzu.

Na ba direba man zafi a cikin kwalba, likita ya ce yana taimakon tsohon rauni. Ka riƙa shafawa safe da yamma. Ta hagun za ka shafa wa. Na faɗa ne don na san ka, in ba a faɗa ba ta dama za ka yi ta murzawa.

Yayarka.